Tsohuwar Tsaba a Gwanjo: Ta Gidan Roba ko Sakakkiya?

Masu tara tsofaffin kuɗi a Gombe ba su da yawa, kuma galibinsu da namu na gida suka fara: anini da kwabo masu huji a tsaka, taro, sisi, sule, sai liyarin nan na azurfa mai hoton sarauniya Mariya Taresa, wanda duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa ko da shekara ɗari bayan haka aka buga shi. Daga baya waya ta buɗe wa mutane gwanjon ƙasashen waje. Mutum ya ga dinarin Banu Umayya, ya ga azurfar Girka mai mujiya, ya ga kuɗin sarakunan Rum, rai ya biya. A nan ake cin karo da zaɓin da nake son magana a kansa. Tsaba iri ɗaya, sarki ɗaya, nauyi kusan ɗaya, amma wannan tana liƙe cikin gidan roba mai takarda da lamba, waccan tana sake cikin 'yar ambulan. Ta gidan robar ta fi tsada a mafi yawan lokuta, wani zubin nesa ba kusa ba. Abin tambaya shi ne me wannan ƙarin kuɗin yake saya maka.

Al'adar liƙe tsaba ta Amurka ce. Kamfanin PCGS mai tantance tsaba ya liƙe ta ya fara a 1986, takwaransa NGC ya biyo baya a 1987, kuma don kuɗin Amurka na zamani aka ƙirƙiro su. Kuɗin zamani inji ne yake buga su, dubu ɗari duk fuska ɗaya, saboda haka abin da ya bambanta wannan da waccan kawai shi ne yadda hannu ya cinye ta. Sai aka ɗauki ma'aunin maki 1 zuwa 70 da William Sheldon ya fito da shi a 1949, aka ce kowace tsaba a ba ta lamba. Da lamba ta samu, ciniki ya yi sauƙi: ana iya saye ta waya ba tare da an gani ba.

Tsabar zamanin da kuwa, ba haka take ba. Maƙeri ne yake ɗora ɗan curin azurfa ko zinare kan hatimin da aka kafa a uwar maƙera, ya ɗora wani hatimin a sama, ya sauke guduma. Idan hannunsa ya karkace, rabin rubutun ya fita waje. Idan hatimin ya tsufa, gashin sarki ya dusashe tun ranar da aka buga, ba wai yawo ne ya cinye shi ba. Idan ƙarfen bai yi laushi ba, gefe ya tsage. Sannan hatimin kansa da hannu aka sassaƙa shi, wani gwani ne ya yi, wani almajirinsa. Bayan haka tsabar ta kwanta a ƙasa shekara dubu biyu, aka tono, wani ya wanke da hankali, wani ya kankare da ƙarfe. Lamba ɗaya ba za ta ɗauki duk wannan ba, kuma NGC ma ya san haka. Da ya buɗe sashen tsofaffin kuɗi a 2008 a ƙarƙashin David Vagi, bai yi amfani da 1 zuwa 70 ba. Abin da za ka gani a takardar shi ne haruffan aji, irin su VF, XF, AU da MS, daga mai matsakaicin goguwa zuwa wadda ba ta nuna alamar yawo ba, sannan a yawancinsu maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na kyan bugu, ɗaya na lafiyar jiki. Wani lokaci a ƙara tauraro idan ta ɗauki ido, ko a rubuta aibi a ƙasa: an goge, an karce, an daddale.

Ga inda akasarin sababbin shiga suke tuntuɓe. Ido yana tsayawa kan manyan haruffan, ba ya sauka kan ƙananan lambobin. Tsaba mai MS da 3/5 a bugu da 2/5 a jiki tana iya zama mummuna, hancin sarki a bakin gefe, fuska duk ƙuraje, alhali wata mai VF da 5/5 sau biyu ta zauna daram a tsakiya, rubutunta cikakke, launinta na tsufa bai taɓu ba. Wanda ya daɗe a harkar ta biyun zai ɗauka. Amma a gwanjo sau da yawa ta farkon ce take tashi, don mutum biyu da suka saba da lissafin kuɗin zamani sun hango MS sun kama kokawa.

Wani Alhaji da muke zama da shi bayan la'asar ya taɓa miƙo mini wayarsa, yana nuna mini azurfar Gordiyan na Uku a gidan roba. Ya ce, "Malam, duba nan. MS fa aka rubuta. Shekara kusan dubu biyu ba ta shiga hannun kowa ba, ai irin wannan ba a samu."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, ana samu. Bari in nuna maka 'yan'uwanta."

Gordiyan yaro ne ɗan shekara 13 da ya hau mulkin Rum a 238, ya mutu a 244. A wannan ɗan tsakanin an buga azurfarsa ba adadi, kuma da yake zamanin rikici ne da lalacewar kuɗi, mutane sun riƙa binne su a tukwane tun suna sababbi. Shi ya sa samun mai kyau a cikinsu ba abin mamaki ba ne. Muka buɗe rumbun sakamakon gwanjo, muka jera irinta sakakku da aka sayar a Jamus da Ingila, sai ga shi tayin da ake yi wa tasa ya riga ya haura ninki biyu, kuma ba a rufe ba. Ya ce, "To ashe robar nake shirin saye." Ya ajiye wayar.

Haka zancen yake ga ƙananan tagullar gidan Konstantin, sarkin Rum na ƙarni na huɗu, waɗanda ake sayarwa tsibi-tsibi. Kuɗin tantancewa da liƙewa na kowace tsaba yakan kai dala 'yan gomomi idan aka haɗa da aike da inshora, alhali ita tagullar kanta wani lokaci ba ta kai hakan ba. Wanda ya liƙe ta ba zai yi asara don Allah ba, a wuyanka zai ɗora. A wannan mataki kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, kuma ban ga hujjar da za ta sa a sayi ta roba ba, sai dai idan kyauta za ka yi wa yaro kana tsoron ya jefar.

Babban abin da mutane suke zaton suna saya shi ne tabbacin cewa ba jabu ba ce. A nan sai a karanta sharuɗɗan kamfanin da kyau. NGC ya faɗa a fili cewa a sashen tsofaffin kuɗi ba ya liƙe tsaba sai masanansa sun gamsu ta gaske ce, amma ba ya ɗaukar lamunin ingancinta kamar yadda yake yi wa kuɗin zamani. Ma'ana, ra'ayin ƙwararru ka saya, kuma ra'ayi ne mai nauyi, don mutanen nan sun ga tsabobi fiye da yadda ni da kai za mu gani har mu mutu. Sai dai idan bayan shekara biyar aka gano an yi kuskure, ba ƙofarsu za ka je ka karɓi kuɗinka ba.

Sa wannan a gefe ɗaya, ka sa na dillalin sakakkiya a ɗaya gefen. Manyan dillalai da gidajen gwanjon da suka ƙware a tsofaffin kuɗi, musamman 'yan IAPN, ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a Janeba a 1951, suna ɗaukar lamunin ingancin abin da suka sayar, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sa wa'adi. Ta tabbata jabu ce, ka mayar, a ba ka kuɗinka. Wannan a ganina ya fi takardar cikin roba ƙarfi, muddin gidan yana nan da ransa kuma ka adana rasit ɗinka. Akwai kuma wani tarko: wasu gidajen gwanjo suna rubuta cewa tsabar da ta zo a liƙe, idan ka fasa gidan, ba mayarwa ko da wane dalili. Ka ga ke nan hanyar da za ka bi ka bincika da kanka ita ce hanyar da za ta ɓata maka haƙƙinka.

A Tudun Hatsi ba wanda yake sayen buhun wake don ɗinkin baki ya yi kyau ko don an rubuta sunan wani a jiki. Sai an caka ƙarfe ta gindi, wake ya zubo a tafin hannu, an duba ko ƙwaro ya ci. Gidan roba buhu ne da aka hana ka cakawa. Sakakkiya kuwa kana ɗora ta kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal ka ga ko ta kai: mujiyar Atina, wato azurfar nan ta Girka mai mujiya, tana wajen giram 17.2, dinarin zinare na Banu Umayya wajen 4.25, dirhaminsu wajen 2.9, zinaren Rumawan Gabas wajen 4.5. Kana juya gefenta ƙarƙashin gilashin ƙara girma ka nemi layin da zubi yake bari, ko alamar zarton da aka goge layin da shi, don yawancin jabu masu arha narkawa aka yi aka zuba, ba bugawa aka yi ba. Gidajen roba na yanzu suna riƙe tsabar da 'yan yatsu don a ga wani ɓangare na gefen, amma ba duka ba, kuma hasken robar yana ɓoye gyaran da aka yi wa tagulla, inda wani ya bi gashin sarki da tsinke ya sake zana shi.

Sai maganar salsala, wato hannun da tsabar ta bi kafin ta iso gare ka. Wannan ba ruwan roba da shi. A watan Oktoba na 2020 an sayar da wani zinare a Landan kan fam miliyan 3.24, wanda Burutus na Rum ya buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, da hoton wuƙaƙe biyu a bayansa. NGC ya tantance shi, ya ba shi babban aji. Ba a ce jabu ba ne. Amma tarihin mallakar da aka jingina masa na ƙarya ne, hukumomin Niyok suka shiga maganar, kuma a 2023 aka mayar da shi Girka. Ƙasashe irin su Girka, Italiya, Turkiyya da Masar suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, kuma tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan safarar kayan tarihi, tsabar da aka san inda take kafin wannan shekara ta fi kwanciyar hankali, ta fi daraja. Shaidar hakan kuwa sau da yawa ita ce 'yar tsohuwar takardar da wani mai tarawa ya rubuta da hannu, ko ambulan ɗin wani gwanjo na da. Sakakkiya takan zo da waɗannan. Ta roba sau da yawa an raba ta da su a hanya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa gidan roba banza ne. Akwai inda ya fi. Mutumin da bai taɓa riƙe ta gaske ba, yana Gombe, ba gidan tarihi na kusa da zai je ya gwada idonsa, ba dillalin da zai zauna da shi, kuma yana son ya zuba kuɗi mai nauyi kan zinare ɗaya, ƙarin ido na ƙwararru ba asara ba ne a gare shi. Tsabobin da 'yan jabu suka fi so, irin mujiyar Atina, azurfar Iskandari Mai Girma da kuɗin sarakunan farko na Rum, idan daga hannun wanda ba ka sani ba za su fito, a shafin da kowa yake baje kolinsa, to ta roba ta fi sakakkiya nesa, don sakakkiya a irin wannan wuri cinikin biri a sama ne. Sai dai ko a nan ka ɗauki lambar da ke jikin takardar ka sa a shafin kamfanin, ka gwada hoton da zai fito da wanda ake nuna maka, tsaga da tsaga, don gidan robar ma ana yin na bogi.

Roba tana da amfani kuma ranar gado. Magada ba su san Gordiyan ba, ba su san Halifa Abdulmalik ba. Tsaba sakakkiya a cikin akwati tana iya ƙarewa a hannun maƙerin zobe a kan nauyinta kawai, amma mai takarda da lamba ko yaro ya san a tambaya kafin a sayar. Haka idan niyyarka ka sake sayarwa a Amurka, inda gidaje irin Heritage na Dalas suke sayar da mafi yawan tsofaffin kuɗinsu a liƙe, masu saye a can sun saba da hakan. A Turai kuwa, wurin su Künker a Jamus ko Numismatica Ars Classica a Zurik, sakakku ne suka fi yawa, kuma akwai masu tarawa da yawa da suke fasa gidan ranar da kaya ya iso.

Kuɗin Musulunci suna da nasu hukuncin, kuma su ne suka fi jan mutanenmu, don dinarin nan da ake ambata a nisabin zakka da rubu'in dinari na sadaki, mutum yana son ya ga ainihinsa a tafinsa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fito da dinari mai rubutu zalla, ba hoto, a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami irinsa ya biyo baya ba da daɗewa ba. Waɗannan idan an liƙe su galibi za ka ga lamba irin ta zamani, AU 58 ko MS 63, don ana lissafa su cikin kuɗin ƙasashen duniya ne, ba sashen Girka da Rum ba, saboda haka sharuɗɗansu ma a karanta daban. Amma darajarsu ta gaskiya tana cikin rubutun gefe: shekara da garin da aka buga. Dirhamin Wasiɗ na Banu Umayya da na Madinatus Salam, wato Bagadaza, na Abbasiyawa suna da yawa ƙwarai, ko sun yi sheƙi ba su da wuyar samu. Wani dirhamin kuwa da ya goge, na wani ƙaramin gari ko wata shekara da ba a cika gani ba, ya ninka su. Dinarin shekara ta 105 mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz an sayar da shi fam miliyan 3.72 a gidan Morton & Eden na Landan a 2019, kuma 'yan kalmomin nan ne suka kai shi can. A wannan fage wanda ya yi allo ya fi Bature mai kallon lamba dama, idan ya ɗan saba da rubutun Kufi marar ɗigo. Kana iya karanta "bismillahi duriba hazad dirhamu bi..." da kanka, ka ga gari, ka ga shekara. Biyan ƙari don wani ya gaya maka tsabar tana sheƙi, alhali kai ne mai iya karanta abin da ya fi sheƙin muhimmanci, bai kama hankalina ba. (Masu sayen zinare da azurfa daga nesa su tuna akwai maganar hannu da hannu a fiƙihu. Wannan ta malamai ce, a tambaye su kafin a taya.)

Yanzu lissafi, wanda shi ne yake cin mutane ko ta roba ko sakakkiya, amma ya fi ciwo idan tun farko ka biya ƙari. Farashin da aka sallama ba shi ne abin da za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, galibi kashi 20 cikin ɗari ko sama da haka. A ce an sallama maka a dala 500: ka ga 600 ke nan, kafin kuɗin aike da inshora, kafin cajin banki na tura dala, kafin abin da kwastan za su ce, kafin canjin ranar. In kuma wata rana za ka sayar ta hannunsu, a ce sun cire maka kashi 10, sai an sallama a kusan dala 667 kafin ka ga 600 ɗinka. Wato sai tsabar ta tashi da kashi ɗaya cikin uku kafin ka dawo inda ka fara, ban da aike. Idan 500 ɗin nan 300 ne kuɗin tsaba, 200 zafin gwanjo da kwarjinin roba, to jira ya yi tsawo. Kuma yawa yana iya ƙaruwa dare ɗaya: an yi lokacin da mujiyoyin Atina masu kyau suka cika kasuwa, waɗanda suka saya da tsada kafin hakan suka ji a jikinsu, ko da wace takarda ce a gidan.

Abin da nake yi kafin kowane tayi shi ne in buɗe rumbunan sakamako irin acsearch ko CoinArchives, in nemi irin tsabar, in rufe idona daga haruffan aji, in duba hotuna kawai: waɗanda suka yi kama da ita a kyau nawa aka sayar da su sakakku? Wannan ne gindin farashi. Idan tana cikin roba kuma tana daga irin waɗanda ake yawan yi wa jabu, in ƙara abin da bai wuce kuɗin tantancewa ba da ɗan ihsani. In cire la'ada da aike daga abin da aljihuna zai ɗauka, in rubuta abin da ya rage a matsayin iyakar tayi, in shigar tun da rana. Gwanjon Amurka tsakar darenmu yake kaiwa, kuma mutumin da yake zaune ƙarfe biyu na dare yana kallon wani ya ɗara shi da dala goma ba shi da dabarar tsayawa. Farashin buɗewa ma kada ya ruɗe ka, da gangan ake sa shi ƙasa don a tara jama'a. Kafin duk wannan, ka rubuta wa gidan ka tambaya ko suna aikowa Najeriya da kuma ta wace hanya, don wasu sai ka ci gwanjo sannan a fara wannan zancen.

Ajiya kuma kowace da nata. Roba tana kare tsaba daga faɗuwa da zufar hannu, amma ba ta hana iska shiga gaba ɗaya. Hunturunmu alheri ne ga ƙarfe, damina ce abin tsoro, musamman ga tagulla. Akwai wata cuta da gishirin ƙasa yake haddasa mata, wani koren gari mai haske kamar an barbaɗa, wanda yake ci yana rami idan ya samu laima. A sakakkiya kana gani ka ware ta ka yi magani. A liƙaƙƙiya sai dai ka zuba ido ta cikin roba, ko ka fasa gidan da ka biya kuɗi dominsa. Sakakkun kuma kada a sa su a ledar nan mai laushi mai wari, tana fitar da wani maiƙo kore da yake manne wa ƙarfe. Ambulan ɗin takarda marar sinadari ya isa, da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima a cikin akwatin, a riƙa canza su daga Yuni zuwa Satumba.